Kiɗan da Ya Bi Muryar Gwaggo Tambaya

Duk wanda ya san Mudassiru a wajejen Bunkure da abu biyu ya san shi: albasa da kiɗa. Da safe a lambunsa na bakin kanal za ka same shi, wando a naɗe har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. In la'asar ta yi sai ya wanke ƙafa, ya hau babur ya nufi Kura. Can yake da wani ɗan shago a bayan masu injin casar shinkafa, ya lulluɓe bangon da soso don kada ƙarar injin ta shigo. Shi ne situdiyonsa.

Bai gaji kiɗa ba. Gidansu manoma ne tun kaka da kakanni. Yana saurayi ne, lokacin da yake raka motar tumatir cikin birni, ya saba zama a situdiyon wani mutum kafin a gama sauke kwanduna. Tun yana leƙe daga bakin ƙofa har aka bar shi ya taɓa fiyano. Da kunne ya koya. Da ya dawo gida ya zauna, ya zo da tsohuwar kwamfutar cinya da manhaja guda ta ɗaukar sauti, wadda ya san lungu da saƙonta kamar yadda ya san gonarsa. Da ita yake ɗaukar waƙoƙin saukar 'yan Islamiyya, da tallan masu sayar da iri da taki, da waƙar amarya da ango. Shi mutum ne marar hayaniya. Ko mawaƙi ya ɓata baiti sau nawa, abin da zai ce kawai shi ne, "Ba komai, mu sake."

Ana nan, wata ranar kasuwa, sai ga Gwaggo Tambaya a ƙofar shago. Yayar mahaifinsa ce, ita ta yaye shi, kuma ita ce babba a cikin matan unguwarsu masu turara shinkafa. Tana da waƙoƙin da suke yi in suna baza shinkafa a kan tamfol, waɗanda ta koya a bakin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya.

"Mudassiru, an ce kana zuba muryar mutane a waya," in ji ta. "To, zuba tawa kafin sauran haƙoran su zube."

Ya yi dariya, ya kakkaɓe mata kujera. Yadda ya saba aiki shi ne ya fara haɗa kiɗa, mawaƙi ya bi. Ya sa mata abin ji a kunne, ya saki kiɗan. Ba ta kai ƙarshen baitin farko ba ta tuɓe shi.

"Wannan ƙwas-ƙwas ɗin fa? Cire min shi. Ni ba soja ba ce da zan yi maci."

Gaskiyarta. Waƙarta ba a layi take tafiya ba. In tana yabon shinkafa sai ta ja muryar a hankali, kamar mai jan buhu. In ta zo kan zolayar ragwaye sai ta zabura. Dole ya kashe kiɗan ya ɗauki muryarta zalla, da niyyar ya ɗora mata kiɗa daga baya.

A nan aikin ya cije. Manhajarsa sauti take kamawa. Abin da ya buga a fiyano, in ya shiga ya shiga, kuma ko yatsa ɗaya ya kuskure sai ya sake daga farko. Ya bi muryar Gwaggo ya bi, kullum sai ta tsere masa a wata kwana.

Ya kai kukansa wurin abokinsa Taufiq, malamin kwamfuta a wata makaranta a Dawakin Kudu. Taufiq ya saurara, ya ce, "Abin da ka rasa midi ne. Shi ba sauti yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa: wane maɓalli ka danna, yaushe, da wane ƙarfi. Daga baya kana iya matsar da bugu gaba ko baya, ka rage gudu, ko ka mai da fiyano sarewa. Manhajarka ba ta iya wannan ba."

Shawarar Taufiq ita ce a watsar da tsohuwar a sa wata babba mai yin komai da komai. Suka gwada. Kwamfutar ta ɗauki zafi, ta fara in'ina, shi kuwa Mudassiru ya ɓace a cikin tagoginta har ya rasa inda ake danna ɗauka. Suka gwada ƙara wata ƙaramar manhajar midi a gefen tasa, su yi aiki tare. Sai su tashi tare, kafin a kai tsakiya ɗaya ta bar ɗaya.

"Taufiq, ni fa ba zan rabu da tawa ba," in ji Mudassiru. "Murya tana ɗaukar min ita tas. Abokin aiki kawai nake nema mata, wanda ba zai hau kan kwamfutar nan ba."

"To, sai dai akwati. Akwai na'urar jera kiɗa mai zaman kanta. Mu je Sabon Gari."

A shagon da suka shiga, mai kayan ya fito musu da guda biyu. Ɗaya sabuwa fil, fitilu ja da kore suna wasa, cike da kiɗan da aka riga aka haɗa. Taufiq ya kasa ɗauke ido daga kanta. Ɗayar kuwa ta hannu ce, baƙa, fentin maɓallanta ya fara goguwa. Mudassiru kuwa ya ciro waya ya kunna muryar Gwaggo, ya roƙi a bar shi ya gwada. Sabuwar, gudu ɗaya take riƙewa daga farkon waƙa har ƙarshe, ba ta san a dakata ba. Tsohuwar kuwa tana barin mutum ya buga mata gudun da yatsa, ta riƙe inda aka sassauta da inda aka zabura. Ya tambaya ko za ta tashi tare da kwamfuta in an haɗa su, aka haɗa, ta tashi. Ya tambaya ko tana aiki da batirin cajin waya, don wutar Kura ba abin dogaro ba ce. Aka ce tana yi.

Kafin su gama, masu shagunan gefe sun taru suna sauraron tsohuwa tana zolayar ragwaye. Mai kayan ya ce, "Malam, ita wannan Hajiyar a ina take waƙa?"

"A bakin tukunya," in ji Mudassiru. Ya rungumi baƙar akwatin suka fito.

Koyonta ma wani aiki ne. Ran farko, a gida, ya haɗa wayoyin a karkace, duk inda ya sa ganga sai sarewa ta fito, har matarsa Nafisat ta leƙo tana tambayar wa ke kiran shanu a tsakar gida. Daga nan ya riƙa tafiya da akwatin lambu a cikin jaka. In yana jiran layin ruwa ya zo kansa, sai ya zauna a inuwar mangwaro da abin ji a kunne, yana bin muryar Gwaggo gaɓa gaɓa. A nan ya lura ba gangan take jan muryar ba. Inda take sassautawa, a nan ne mata ke sunkuyawa su juya shinkafa. Tun yana goye a bayanta yake jin waƙar, amma sai yanzu ya gane haka.

Ya raba wa kowa aikinsa. Murya da kiɗan ƙwarya na gaske, wanda Nafisat da maƙwabciyarta suka buga, suna cikin kwamfuta. Sarewa da ganga mai kauri suna cikin akwati.

Da ya gama, bai kira Gwaggo shago ba. Ya ɗauki kayan da hantsi ya kai filin shanya, ya ajiye lasifika a kan turmi. Mata suka tsaya da aiki. Muryar ta tashi, kiɗan na biye da ita, ta ja ya ja, ta zabura ya zabura. Wasu suka fara amshi, wata ta rangaɗa guɗa. Gwaggo dai tana zaune, hannu a haɓa, har aka kai ƙarshe.

"Ya yi," in ji ta. "Amma sarewar nan ta cika rawar kai. A wurin yabon shinkafa ta riga ni shiga."

Da can, wannan magana tana nufin a sake komai daga tushe. Mudassiru ya durƙusa gaban akwatin, ya nemo wurin, ya murɗa maɓalli kaɗan, ya sake kunnawa. Sarewar ta jira har Gwaggo ta buɗe baki sannan ta shigo.

"Yauwa, yanzu ta yi hankali. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ya sunkuyar da kai yana naɗe waya, don kada matan su ga idonsa.

Waƙar ta bi wayoyi daga hannu zuwa hannu, har direbobin da ke ɗaukar shinkafa suna kunna ta a mota. Mudassiru yana nan yadda yake, safiya ta lambu, yamma ta shago. Abin da ya canza shi ne masu zuwa. Tsofaffin da a da suke ganin situdiyo wurin yara ne, yanzu su ma suna leƙowa, tunda sun ji an ce a can ba a tilasta wa kowa bin kiɗa.

Kwanan baya Gwaggo ta zo masa da wata ƙawarta daga Madobi, mai waƙar daɓe, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Tun daga bakin ƙofa Gwaggo ta gargaɗe shi.

"Wannan fa ta fi ni taurin kai. Tana tsayawa a tsakiyar baiti ta yi hira."

"Ba komai, Gwaggo," in ji shi. Ya fita aron kujera ta biyu a wurin masu injin.