Ranar da Na Hana Sarkin Fawa Yanka San Baba

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na shiga tsakanin Sarkin Fawan garinmu da san Baba.

Lokacin ina shekara ta biyu a wata 'yar kwalejin aikin gona kusa da mu, ɓangaren lafiyar dabbobi. Ba da son raina na shiga ba. Jami'a na so kamar ƙawayena, amma Baba ya ce ƙarfinsa bai kai ba. Nan kuwa 'yan buhunan masara sun isa, kuma a gida zan riƙa kwana. Sai 'yan unguwa suka laƙaba mini "likitar awaki". Haushi kamar ya kashe ni. Farar rigar makarantar ma a ƙasan jaka nake cusa ta, sai na sauka daga mota nake sawa.

Wata Asabar a farkon damina ina wanke-wanke na ji hayaniya a ƙofar gida. Ashe ɗaya daga cikin shanun huɗarmu biyu ne ya kwance igiya ya ci gyauron dawa. Da na leƙa, ga shi a ƙasa, ciki ya kumbura tim, yana numfashi da ƙyar. Har an kira Sarkin Fawa, ya tsuguna yana wasa wuƙa. Kowa ya san ƙa'ida: a yanka shi da ransa a tsira da nama, in an yi jinkiri ya zama mushe. Amma in aka yanka, huɗar bana ta tashi, don sa ɗaya ba ya jan garma.

Ban san sa'ad da na zura hijabi na fito ba. Na ce, "Baba, a ɗan dakata mini."

Sarkin Fawa ya yi dariya. "'Yata, wannan fa ba akuya ba ce. In ya mace a hannunki, ke za ki ci mushen?"

Baba ya dube ni. Ni 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunana ba. Can ya ce, "Sarki, kar ka yi nisa da wuƙar. Ke, yi sauri."

Na ruga na ɗauko ƙarfen huda ciki daga jakata. Sau ɗaya na taɓa yin aikin, shi ma malaminmu na riƙe da hannuna. Na lalubo kwiɓin hagu, na yi bisimilla na soka. Iska ta taho fuuu da wani irin wari, har Sarkin Fawa ya cire hula ya toshe hanci, 'yan kallo suka watse. Cikin ya soma sacewa, na sa aka ɗura masa man gyaɗa da kwalba. Kafin la'asar sa ya miƙe yana tuƙa, ko a jikinsa.

Baba ya daɗe yana shafa masa tozo. Sannan, a gaban kowa, ya juyo ya ce, "Likita, a ba shi dusa ko a bari sai gobe?" Na koma cikin gida na sha kukana.

Yau aikin nan ne ke riƙe da ni. Daga Kafur har Dayi ina shiga gidajen da maza ba sa shiga, ina duba wa mata awakinsu. Abin da na koya shi ne, ranar da buƙata ta taso babu mai tambayar girman makarantar da ka yi, abin da hannunka ya iya ake dubawa. Farar rigata kuwa, tun ranar daga gida nake sa ta.