Gangar Kawu Sale Tana Jiran Amsa Daga Babura

Damina shida ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, makaɗin gangar noma a Roni. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Na so in rubuta wannan a natse kamar yadda manya ke yi, amma wallahi na kasa. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi yi.

Ga wanda bai riske shi ba, bari in faɗa. In an kira gayya a gonar wani, Kawu ba ya zuwa shi kaɗai. Shi yana tsayawa a bakin gona, abokin kiɗansa Baba Ilu yana can ƙarshenta, manoma suna tsakiya sun duƙa. Kawu ya yi kira da gangarsa, Baba Ilu ya amsa da tasa, sai ka ga fartanyoyi suna tashi suna sauka kamar hannu ɗaya ke riƙe da su duka. Ina yaro na ɗauka haka kowace gona take a duniya.

Ni ban gaji ganga ba, gyaran waya nake yi a Kazaure. Amma kiɗan bai bar ni ba, sai ya biyo ni ta laftof. Ba wanda ya koya mini, bidiyoyin intanet ne da ɓata abu a gyara. Abin da nake yi ana ce masa lufin. Ka ƙwanƙwasa ƙwarya a gaban makirfo, laftof ta riƙe ta dinga maimaita maka, ka ɗora tafi a kai, ka ɗora murya, ka ɗora garaya, duk a gaban mutane, nan take. Kai kaɗai sai ka zama taron makaɗa. Ranar da na fara haɗa uku suka zauna daidai, ihun da na yi sai da mai shagon kusa ya leƙo ya ce ko wuta ce ta ja ni.

To amma abin yana da maƙiyi guda, shi ne jinkiri. Ka buga yanzu, kunnenka ya ji an jima kaɗan. Kaɗan ɗin nan bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya ruguza kiɗa, don hannu ba ya yarda da kunnen da ke masa ƙarya. In kuma sautin zai bi netwok daga wata na'ura zuwa wata, nan ne ake yin ta.

A daminar Kawu ta ƙarshe na ɗauki kiɗansa a waya, ina tsaye dab da shi. Tasa gangar ta fito tsaf. Ta Baba Ilu kuwa nisa da iska sun cinye ta. Wato rabin zance nake da shi, kira babu amsa. Bayan rasuwar, Baba Ilu ya koma wajen ɗansa a Babura, gwiwoyi sun ƙi, bai sake ɗaukar gula ba. Ba kuma wanda ya koya a wurinsu, don gayyar ma ta yi ƙaranci. Yanzu maganin feshi ne da garmar shanu, matashi yana noma wayarsa na waƙa a aljihu. Da bazarar bana aka ce Baba Ilu ya kwanta ciwon ƙirji har an fara kiran 'yan uwa. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma ni tun ranar hankalina bai koma mazauninsa ba. In ya tafi, amsar ta tafi, kuma ba inda za a samo ta.

Dabarata ta farko ita ce ta netwok. Abokina Nafi'u yana da shagon cajin waya a Babura, yana kuma da laftof. Ya kai ta zauren Baba, ni ina Kazaure, muka haɗa ta data. Na saki kiɗan Kawu yana zagayawa, ina riƙe masa lokaci da ƙwarya. Kai, abin ba kyan ji! Sautin ya zo, ya tsinke, ya taho a guje. Ina jiran bugun Baba, shi yana jiran nawa, kiɗan yana ta sanyi har ya kwanta. Sai na ji muryarsa a kunnena.

"Kai Auwalu, wa ya ce maka haka ake yi? Da wannan kiɗan ko kunya ɗaya ba za a kai ƙarshenta ba, sai dai a yi barci a kan fartanya."

"Baba, netwok ne."

"To ka gaishe shi. Ka ce na gode."

Sai na ɗauki kayana na hau mota na je da kaina. Na jona akwatin sautin da makirfo ke shiga, na kashe wayifai na intanet, na rufe duk abin da ke aiki a bayan fage, na sa laftof a batirin sola don kada ta rage ƙarfinta. Sannan na zo kan bafa. Bafa kamar ɗan kwano ne da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta miƙa. In kwanon babba ne ana daɗewa kafin ya cika, in ka ƙanƙanta shi da yawa sai sautin ya fara ƙaras-ƙaras kamar ana soya gyaɗa. Na yi ta ragewa har ya fara, na koma baya taki ɗaya. Na buga, na ji a take. Ku yi haƙuri da ni, in na shiga wannan maganar ba na sanin inda zan tsaya, amma daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Na sa wa Baba hedfon. Da gangar Kawu ta shigo kunnensa sai ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga gula, ya buga kaɗan, ya ajiye.

"Ina hannunsa?"

"Hannun wa, Baba?"

"Na Sale mana. Kai ka ɗauka da kunne nake binsa? Ka taɓa hango mai faskare daga nesa? Gatari ya sauka, sai daga baya ka ji. Da na tsaya jiran ƙarar Sale daga wancan bakin gonar, kullum a makare zan zo. Hannunsa nake kallo. Yana ɗagawa na san inda zai sauka."

Watanni ina faɗa da jinkiri a cikin na'ura, ashe su sun daɗe da sasantawa da nasu a fili, ta hanyar da ba ta shiga makirfo. Ko bidiyo nake da shi ba zai yi ba, hoto ya fi sauti nauyin tafiya, balle ma sauti kaɗai na ɗauka.

Abin da ya cece ni shi ne, garin gwajin bafa na saurari wannan kiɗan har ya zauna mini a jiki. Na ce, "Baba, in na ɗaga hannu yadda yake yi fa, ba tare da na buga komai ba?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in gwada, amma in matsa can nesa, shi bai taɓa ganin hannun Sale a kusa ba.

Nan netwok ya yi ranarsa. Doguwar wayar hedfon tana kwaso gurnani, amma kebul ɗin netwok yana kai sauti tsaf. Muka ja shi daga ƙofar zaure har ƙarshen filin da ke gaban gidan, laftof ɗin Nafi'u wajen Baba da makirfo, tawa wajena, babu data, babu wayifai, su biyu kawai suna magana. Da hantsi ne, mata masu zuwa niƙa suna tsayawa kallon mahaukacin da ke dukan iska da gula. Kawu yana kira a kunnena, ina ɗaga hannu, sai ga amsar Baba Ilu ta faɗo a ɗaya kunnen, daidai wurinta, tun kafin ƙararta ta iso ni ta iska. Ban ji wannan haɗin ba tun ina bin Kawu gona.

Na dawo da gudu na kunna masa. Ya saurara har kiɗan ya zagayo ya sake farawa, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Sale ba ya maimaita magana. A nan juyawa yake ya kira sunan mai gona. Wannan da ka kama na shiga gona ne kawai. Ina na lokacin da baya ya gaji? Ina na hango masu kawo fura? Ina na tashi?"

"Ba ni da su, Baba."

"Ni ina da su a baki. Amma ba na amsa wa bango. Sai an kira."

"To wa zai kira?"

"Ji wata tambaya! Wa ya tsaya a fili yana kaɗa hannu kamar mai korar tsuntsu?"

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan zamanin. Na san zai yi dariyar kebul ɗin nan har ya riƙe ciki, zai kuma ce a ba shi hedfon ya ji. Feshin ne ba na jin zai yafe, don ya sha faɗa cewa gonar da aka nome shiru hatsinta ba ya daɗi. Abin da na kama nasa a waya yana nan, na adana shi wuri-wuri, ba zai ɓace ba. Amma wannan ɗan guntu ne, yana zagaye wuri ɗaya. Sauran Kawu yana bakin wani tsoho mai tari a Babura.

Mahaifiyata ta fito da gangarsa daga ɗakinta, aka sake mata fata. Yanzu duk ranar da na rufe shago ina can Babura a ƙarshen filin, ganga a rataye, Baba yana rera mini kiran da baki ta makirfo, ina bugawa, laftof tana ɗauka. Yatsuna sun yi kanta. Kiɗan shiga gona ya zauna. Na gajiya kuwa na kai rabinsa, kuma a makon jiya sau biyu tari ya tsayar da mu. Da ya lafa ya jawo makirfon ya ce, "Ka makara, ɗan nan! Sake." Na leƙa laftof, komai nata daidai yake. Hannuna ne ya makara, kuma shi ba shi da bafar da ake ragewa.

Allah ya gafarta wa Kawu Sale. Ku kuma da kuke karantawa, ku taya ni roƙo Allah ya ara wa Baba Ilu numfashi har mu kai kiɗan tashi.