Da Sauƙi, In Ji Sanyi

Mijin yayata gyaran firji yake yi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a unguwa, kowa Sanyi yake ce masa, rabi don sana'arsa, rabi don halinsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kan wanda ya cinye masa kuɗin aiki. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da batir, cike da firji, wasu a tsaye wasu a kwance, duk bayansu a buɗe. Idan aka kawo masa aiki ba ya fara ɗaukar sukudireba. Sai ya jona wuta, ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Can sai ya ce gas ne ya tsere, ko kuwa injin ne ya gaji.

Ni ƙanin matarsa ne, akawu a wani kamfanin jigilar kaya. Aikina shi ne in tabbatar abin da aka ce an loda shi aka loda. Wasa ne tsakanina da shi tun ranar da ya fara zuwa gidanmu. Yakan ce, "Akawu, kai ko sannu aka yi maka sai ka nemi rasit." Ni kuma in tuna masa cewa da takalmin aro ya zo neman Yaya, ya yi masa yawa, yana tafe yana jan ƙafa.

Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu. A shagon wani tsoho ya girma, daga shara da ɗaukar tukunyar gas har ya iya aiki. Da ya samu 'yanci daga hannun tsohon bai da komai sai hannunsa. Kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya ya tara su: injin zuƙe iska, agogon awon gas mai tiyo ja da shuɗi, tukwanen gas, da abin walda na bututun jan ƙarfe. Ba ya ba da aronsu. In ya tashi aiki sai ya goge kowanne da tsumma kafin ya kulle su a akwatin ƙarfe. Da su ya yi aure, da su yake biyan haya da kuɗin makarantar yara, da su kuma yake riƙe da mahaifiyarsa, Inna, wadda ciwon suga ya fara rage wa gani. Allurarta ma a shago take zama, cikin wani ƙaramin firji da mai shi ya kawo gyara bai sake waiwayarsa ba.

Bara Yaya ta ji ƙulli a mama. Ta ɓoye shi har ya ƙi ɓoyuwa. A asibiti aka ce ciwon daji ne, aka yi mata aiki, sannan aka fara ɗura mata magani ta jijiya, zagaye bayan zagaye, kowanne da ranarsa da kuɗinsa. Gashinta ya zube. Ƙanƙarar da take sayarwa a gida ta daina, aka sayar da firizar. Babur ɗin Sanyi ya bi baya. Ni ma na karɓi bashin da ofis ke iya ba ni, na miƙa. Sanyi ya koyi dafa abinci da wanke kayan yara. Da safe ya ɗauko allura daga shago ya yi wa Inna, ya kai yara makaranta a ƙasa, ya dawo ya ga ko Yaya ta iya haɗiye wani abu, sannan ya buɗe shago. Duk wannan ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kuma wallahi na yaba masa. Abin da ya hana ni sukuni da shi kalma ce guda.

Duk wanda ya tare shi ya ce, "Sanyi, ya mai jiki?" amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Ranar da Yaya ta wuni tana amai, da sauƙi. Ranar da aka kwantar da ita don jininta ya yi ƙasa, da sauƙi. Na san haka ake cewa, ni ma haka na tashi na ji ana cewa. Amma mutane kan ƙara wani abu a baya, ko su sauya fuska, yadda mai tambaya zai gane. Shi Sanyi da murmushi yake faɗa, har da gyaɗa kai, sai mai tambaya ya ce madalla, ya wuce da zuciya wasai. Yaya ma ta koya a wurinsa. Wata rana na raka ta ganin likita, ya tambaye ta yadda take ji, ta ce da sauƙi. Har ya fara rubutu na ce, "Yaya, ba ke ce kika ce tafin ƙafarki kamar ana soka miki allura ba, har ba kya iya takawa?" Ta harare ni. Likitan ya ajiye biro ya ce, "Tun yaushe?" Ashe abin da za a rage mata ne tun tuni, da an faɗa.

A ranar ce likitan ya ja ni gefe ya ce zagaye na gaba kada ya wuce ƙarshen wata. In ya wuce, abin da aka gina a baya zai iya rushewa. Na gaya wa Sanyi. A gidan babu sauran abin sayarwa. Na tarar da Sanyi a shago washegari ya buɗe akwatin ƙarfe yana kallon kayan. Ya ce wani mai gyaran firji na bakin kasuwa, wanda ake kira Dogo, ya taya su.

Na ce, "In ka sayar, da me za ku ci? Da me za ka sayi allurar Inna?"

Ya ce, "Allah na nan."

Na ce, "Kawu ma na nan."

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, kayan gini yake sayarwa, kuma shi kaɗai ne mai hali a danginmu. Ba marowaci ba ne. Duk mako yana kiran Sanyi a waya ya tambayi jikin Yaya. Na tambayi Sanyi me yake gaya masa, ya ci gaba da goge tiyo.

Na ce, "Da sauƙi kake ce masa."

"To me zan ce, Akawu? Tana numfashi, tana shan ruwa da hannunta, jiya har dariya ta yi wa Inna. In buɗe baki in ce babu sauƙi? In Allah ya ji ni fa?"

"Allah ya riga ya sani. Kawu ne bai sani ba."

Ya yi 'yar dariya, ya ce bakina ba shi da linzami. Amma ya yarda mu je. Na ce kafin mu tafi sai mun gwada. Na jawo kujera na zauna, na tura ciki gaba irin na Kawu, na ce, "Surukina, ya mai jiki?"

"Da sau..."

"Sake."

"Jiki dai... ga shi nan."

"Ga shi nan ina? Ka ce jiki ya yi tsanani, likita ya sa rana, babu kuɗi."

Mai aski ya leƙo ya ce, "Akawu, yau kuma makaranta ka buɗe?" Sanyi ya ce, "Bar shi, haka yake tun yana yaro, ko kaza sai ya koya mata tafiya." Muka yi ta juyawa. Kalmar tsanani ta ƙi fita daga bakinsa, kamar ƙaya ce. Daga ƙarshe ya ce zai iya cewa, "Jiki sai addu'a." Na ce na karɓa, ya riƙe wannan da kyau, sauran zai biyo baya.

Da hantsi muka isa wurin Kawu. Ana ta sauke tayil daga wata babbar mota, kwali a kan kwali har bakin ƙofa. Kawu na cikin ofishinsa, fanka na juyawa a kansa. Ya ga mu ya washe baki. Sanyi ya rusuna ya gaishe shi, aka tambayi yara, aka tambayi Inna, aka tambayi kasuwa. Sai Kawu ya ce, "To surukina, ya 'yata? Ya jikin nata?"

Sanyi ya gyara zama. Ya dubi ƙasa, ya ɗago, ya yi murmushin nan nasa.

"Da sauƙi, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Haka nake son ji. Ai na gaya wa mutanen gida, yarinyar nan ta tsallake."

Ya aika a kawo mana lemo, ya shiga ba mu labarin tsadar siminti. Na taka ƙafar Sanyi a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar. Na sake takawa. Ya ɗauki lemo ya kurɓa. Ba a so ƙarami ya tsallake babba ya yi magana a kan iyalinsa, ga shi kuma a gaban suruki. Na san wannan sarai. Amma Kawu ya fara duba agogo.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni. Babu sauƙi. Yaya ba ta iya taka ƙafarta. Likita ya ce in maganin ya wuce ƙarshen wata akwai hatsari. An sayar da firiza, an sayar da babur, yanzu kayan aikinsa zai sayar."

Kawu ya daɗe yana kallon Sanyi.

"Gaskiya ne?"

Sanyi bai ɗago ba. Ya ce, "Akwai ƙamshin gaskiya."

"Ƙamshi? Kai, wane irin mutum ne kai? Wata nawa ina kiranka? Na ware kuɗi saboda yarinyar nan tun da aka yi mata aiki, na ce ka yi magana in an buƙata. Kullum da sauƙi, da sauƙi. Makon jiya na ce tunda ta warke bari in juya su." Ya nuna ƙofa da hannu. "Ga su can ana saukewa. Tayil zan kai wa likitan?"

Sanyi ya ce, "Ban so in ɗora maka nauyi ba ne, Kawu."

"'Yar yayata ce nauyi? Kafin ka san ta ni na goya ta."

Sannan ya juyo kaina ya ce ni ma da nake da baki ina nake tun tuni. Ya buɗe aljihun tebur ya kwashe abin da ke ciki ya ba mu, ya buga waya wurare biyu a gabanmu, kowa ya ce sai wata ya kama. Ya ce da zarar kayan sun fara fita shi zai ɗauki duk zagayen da suka rage. Amma na wannan watan, abin da ya ba mu ko rabi bai kai ba.

A hanyar dawowa ni da Sanyi muka zo har kusa da shago. Ya tsaya a gefen titi ya ce, "Ka tsiraita ni a gaban surukina."

Na ce, "Matarka nake so ta rayu."

Ya ce, "Ni kuma mutuwarta nake so, ko?"

Na ga idonsa ya kaɗa. Raina a ɓace yake, nasa ma haka. Na sake bin duk wanda nake jin zai iya taimakawa, a ofis da cikin dangi. Kusan kowa abu ɗaya ya ce mini: ai mun ɗauka ta samu sauƙi. Wata gwaggonmu har ta ce ita da kanta ta tambayi mijin, kada in zo in ɗaga mata hankali. Abin da na tara ya rage giɓin, bai rufe shi ba.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare Dogo ya turo mota aka ɗauki akwatin ƙarfe. An ɗura wa Yaya maganin a kan lokaci. Kawu ya cika alkawari, shi ya biya na bayansa, sai dai yanzu ni yake kira in zai tambayi jikinta, ba mijinta ba. Yaya ta fara taka ƙafa tana dafa bango. Ba ta san an sayar da kayan ba, Sanyi ya hana a gaya mata, kullum da safe yana fita kamar yadda ya saba. Shagon ya mayar wa mai shi. Firjin allurar Inna yanzu yana bayan kujerar mai aski.

Makon jiya aiki ya bi da ni ta bakin kasuwa, na leƙa shagon Dogo. Sanyi na durƙushe a bayan wata firiza, aikin yini yake yi masa, a biya shi da yamma. Ya jona injin zuƙe iska, nasa na da, yana jira. Dogo, wanda bai kai shi shekaru ba, yana zaune a kan kujera yana danna waya. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, ka bi injin nan a hankali, da tsada na saye shi."

Sanyi ya ce, "To."