Makon Kunhalavi a Munnar

Ƙanena Kunhalavi bai iya cewa a'a ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Da bakinsa yake faɗa: "Ni fa idan aka roƙe ni, kaina yakan gyaɗa tun ban gama jin maganar ba." Yana faɗa yana dariya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Makanikin injin jirgin ruwa ne. Kamfanin da yake wa aiki a Dubai ya yi ta jefa shi duk inda inji ya tsaya, yau Maskat, gobe Mombasa, jibi Singafo. Matarsa Nabeesu tana nan garinmu Tirur tare da mu. Ita ta reni 'ya'yansu, ita ta yi jinyar innarmu har Allah ya karɓi abinsa. Shi kuwa sau ɗaya a shekara muke ganinsa, da damina.

Wata shekara ya dawo yana washe baki. Wani saurayi mai kwat ya tare shi a filin jirgi ya sayar masa da mako guda a wani masauki da ke Munnar, can kan duwatsu cikin gonakin shayi. Wai duk shekara wannan makon ɗakin nasa ne, in ya ga dama ma ya musanya shi da wani a ƙasar waje, tunda shi matafiyi ne.

Na ce, "Kai da kake kwana a otal shekara zagaye, otal ka rasa?"

"Yaya, ba don ni ba ne. Nabeesu ba ta taɓa kwana inda ba ita za ta wanke tukunya ba."

Wannan kam gaskiya ce.

Abin da ya manta shi ne yadda muke. A wajenmu ba a sa ranar biki sai an ji yaushe mazan da ke aiki ƙasashen Larabawa za su sauka. Shi kuma ya zaɓi makon da ya faɗo tsakiyar hutunsa. Shekarar farko 'yar Kawu Moidu aka aurar a makon, tafiya ta fasu. Ta biyu tarewar sabon gida. Ta uku ya nemi masaukin suka matsar masa da makon gaba, sai ya bi gida gida yana ba da labarin dabararsa. Kawu Moidu ya ji, ya ce, "Madalla, ashe a wannan makon ba ka da komai," ya sa auren autansa a cikin sabon makon.

Na ce, "Ka ce ba za ka ba mana!"

Ya ce, "Yaya, Kawu ne fa."

"Na san Kawu ne. Ni na ce maka limamin Makka ne?"

Musayar da aka yi masa romon baka da ita ma ba ta yi ba. Sai ka nemi ɗaki tun watanni da yawa, alhali shi bai san ƙasar da zai kwana a watan gobe ba. Kuɗin kula da ɗaki dai duk shekara sai ya biya, ya je ko bai je ba. Ya nemi mai saye, bai samu ba.

Sau ɗaya suka tafi. Ana gobe tafiya dangi suka fara leƙowa. Wannan bai taɓa ganin gonar shayi ba, waccan likita ya ce ta sha iska. Da gari ya waye, bas guda aka cika. Ɗakin yana da ɗan kicin a gefe, nan Nabeesu ta ƙare makonta tana dafa shinkafar biriyani da kifi. Da ta dawo na tambaye ta yadda duwatsun suke. Ta ce, "Yaya, ta tagar kicin dai suna da kyau."

Yanzu idan matasan gidanmu masu yawon duniya suka tambaye ni ko su sayi irin wannan mako, sai in ce su fara duba abu biyu: suna da iko da ranakunsu, kuma suna da baki? Ƙanena ba shi da ko ɗaya.

Bara ciwon sukari ya zaunar da shi, ya bar aiki, ido ɗaya ya tafi. Kawu Moidu ya rasu, amma ya bar jikoki, kuma makon Munnar ya kusa. Ran Juma'a bayan masallaci Kunhalavi ya zo gidana yana dogara sanda. Ya zauna, ya ƙi shan shayin da na zuba masa.

Na ce, "Wa ya roƙe ka me kuma?"

Ya ce, "Mutum uku, kuma duk na amsa. Yaya, ke Allah ya ba a'a. Ran tafiya ki zo ki tsaya a bakin ƙofar motar. Duk wanda ya doso da jaka, ki faɗa masa a madadina. Ko ni kika ji na ce ya shigo, kada ki matsa."