Fulawar da Ba a Ci

Damina tara ke nan da rasuwar Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya zo a dakata mini.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ya tsara tsakar gidanmu a Sara. Da lalle ya yi shinge, ya jera zogale ta gabas, yakuwa mai jan kai a bakin hanyar ɗaki, kuɓewa a bayanta, kabewa kuma ta hau danga. Lemon tsami ya dasa daidai inda yake alwala, don kada ruwan ya tafi a banza. Maza sun yi masa dariya, wai namiji da shukar miya. Matansu kuwa kullum suna gidanmu tsinkar ganye, wasu ma kallo kawai ke kawo su.

Bara ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya sami babban aiki a Birnin Kudu. Kuɗin man fetur sun shigo, kowa sai siminti. Ya aiko cewa zai kawo mini fulawa cike da mota. Na yi murna, na tanadi man gyaɗa, har na gaya wa maƙwabta za mu yi fanke. Da motar ta tsaya, sai ga tsirrai cikin gwangwanaye, da buhunan siminti, da magina. Ashe fulawar kallo yake nufi. Wai za a sare komai a daɓe gidan, a jera su irin na gidajen ma'aikata.

Na tambaye shi wace miya ake yi da su. Ya ce ba a ci, ado ne.

Na kama hannunsa na kai shi gaban kuɓewa, ta buɗe furenta rawaya mai duhun ciki. Na ce, "Wannan ba ado ba ne? Ubanka ya yi mana adon da ka ci ka girma. In za a daɓe, a fara da inda nake zaune." Na shimfiɗa tabarmata gindin lemon, ban tashi ba sai da maginan suka mayar da kayan aikinsu mota.

Na san da kyakkyawar niyya ya zo, kuma har yau bai sake da ni ba. Abin yana ci mini rai. Da Malam na nan, ba zai ɗaga murya ba. Zai tsinko yakuwa ya miƙa masa ne kawai. Ni ban da haƙurinsa.

Simintin na zaure, laima ta daskarar da shi. Fulawar ma, awaki sun shinshina sun wuce. Irin kuɓewar Malam kuwa na sake zuba shi da ruwan fari, ya fito. Kuma har gobe a gindin lemonsa nake alwala.