Sista Ikilima, Wadda Ta Sa Aka Surka Ruwan Jego

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ɗan acaɓa ke sauke Sista Ikilima a ƙofar ƙaramin asibitin da ke hanyar Zango, ta taso daga cikin garin Daura da kwanon abincinta ƙulle a ɗankwali. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. Sai ta wuce ɗakin baya ta buɗe firjin magani mai aiki da hasken rana, ta duba ma'aunin sanyi, sannan ta fito ta tambayi kowa kwanan gida. Matan da ke layi sun sha yi mata tsiya, wai firji ya fi mutum daraja a wurin Sista. Takan ce mutum yana da bakin faɗin ya ji zafi, allura ba ta da shi. Haka take tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, lokacin da aka turo ta saboda magidanta sun dage mace ce za ta duba musu iyali. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Rabin samarin da ke buga ƙwallo a filin makarantar garin a hannunta suka faɗo duniya. Ta ɗinke saran fartanya, ta yi faɗa da iyayen da ke ɓoye yara ranar rigakafi, kuma faɗan nata ba na wasa ba ne. Amma in ka tambayi mutanen wurin abin da ba za su manta ba, maganar Mardiyya za su ɗauko maka.

Mardiyya tela ce, matar Sagir mai fataucin shanu. Shekara ɗaya da aurensu idonta na hagu ya yi hazo, tafin ƙafarta ya daina jin feda ɗin keken ɗinki. An yi addu'a, an sha rubutu, an sha saiwa, abin ya tafi ya sake dawowa. Sai da aka kai ta Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba a ƙasar nan, suna kiransa MS. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka tana cin rufinsu, kamar yadda ɓera ke gwaguyar wayar lantarki. Duk tashin da ciwon ya yi yana iya tafiya da wani abu, ko gani, ko hannu, ko ƙafa, kuma ba kullum yake mayarwa ba.

Maganin da aka rubuta mata allura ce mai suna intafiron, sau ɗaya a mako, a cinya. Ba ta warkarwa, rage yawan tashin ciwon kawai take yi. Kwali ɗaya na allura huɗu kuwa kuɗinsa ya kai na sa ƙosasshe. Ga shi duk ranar da aka yi ta, sai mutum ya yi zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi na kusan yini guda. A ce ka sayar da sa ka sayo zazzaɓi, ribar da za ka gani kuma ita ce a wayi gari ba abin da ya faru. Wannan ciniki yana da wuyar shiga kan Bahaushe, balle ɗan kasuwar kara.

Sista ba ta taɓa ganin ciwon ba, kuma ba ta yi ƙaryar ta sani ba. Ta sa tabarau ta karance doguwar takardar da ke cikin kwalin, ta karɓi lambar likitan Kano ta dame shi da tambaya. Ta ajiye allurar a firjin asibiti, domin zafi yana kashe ta, ƙanƙara ma haka. Ta mayar da ranar yi Alhamis bayan la'asar, ta haɗa da farasitamol, don mafi munin zazzaɓin ya wuce Mardiyya tana barci. Wannan makon cinyar dama, na gaba ta hagu. Bayan 'yan watanni ta tura ta gwajin jini don a duba hanta. Takan kuma zaunar da ita ta tambaye ta ko zuciyarta na ƙunci ba dalili, domin shi ma yana cikin abin da allurar kan jawo.

Da Mardiyya ta sami ciki likita ya dakatar da allurar. Ta haifi Khairunnisa lafiya, aka koma yi bayan suna, saboda bayan haihuwa ne ciwon ya fi son dawowa. Ba a cika mako uku ba labari ya zo cewa ƙafafun mai jego sun mutu, sai an ciccibe ta.

Alhaji Dabo, wan Sagir, shi ke riƙe da garken gidansu, kuma shi ya zo asibitin da kansa. Ba mugun mutum ba ne, shanu goma sha ɗaya ya riga ya sayar bai taɓa yin gori ba.

"Sista, mun yi shawara a gida," in ji shi. "Wata tara ba allura, yarinyar nan tana tafiya da ƙafarta. An dawo da allura, ga ta a ƙasa. Ranar kasuwar Mai'adua ba zan kai san da aka ware don kuɗin allurar ba."

"Alhaji, allura ɗaya ta rage a firji."

"To ta zama ta ƙarshe."

"Ka ba ni kwana biyu. In allurar ce, ni da bakina zan ce a daina."

Bayan fitarsa ta yi ta juya maganarsa, domin ba ta wauta ba ce. In aka yanke allurar a wannan lokaci kuma ciwon ya taso da gaske, ƙafafun suna iya tafiya ke nan. Ta kira likita. Ya ce a kawo Mardiyya in raunin ya wuce yini bai saki ba. Amma ya tambaya, ko tana shiga zafi? Ya ce masu wannan ciwo, in jikinsu ya yi zafi, jijiyoyin da suka taɓu sukan ɗauke na ɗan lokaci, in an huce su dawo. Sista ta dubi waje. Damina ce, garin luf. Har ta buɗe baki za ta ce babu wani zafi, sai ta tuna mai jego ake magana.

Gwaggo Hadijatu, ƙanwar mahaifin Mardiyya, ita ke yi mata wankan jego, kuma duk yankin an san hannunta. Ruwan da take tafasawa da ganyen darbejiya ko kaza aka tsoma a ciki sai a fige ta ba wahala. Safe da yamma, kwana arba'in. Ƙauna ce ke sa ta haka. Ta yi imani macen da ba ta gasu ba sanyi zai shige ta, kuma ba za a ce a hannunta 'yar ɗan'uwanta ta lalace ba.

Da wata ma'aikaciyar ce, sai ta je ta ce musu wannan jahilci ne, a yi mata godiya, a raka ta ƙofa, a ƙara wa tukunya itace. Sista ta fi haka sanin mutanenta. Da sassafe ranar Laraba, kwana shida da yin allura, zazzaɓinta ya daɗe da wucewa, ta shiga gidan da sabulun barka, ta ce a kira Alhaji Dabo ya tsaya a soro inda zai ji komai. Kafin a sauke tukunya ta ce wa Mardiyya ta tako daga ɗaki zuwa makewayi. Ta tako, tana dafa bango, amma da kanta.

"Gwaggo, kin gani da idonki?"

"Na gani, malamar asibiti. Sai me?"

"To bismilla, ki yi wankanki yadda kika saba."

Aka yi. Da aka gama, mata biyu ne suka fito da Mardiyya, ƙafafu na jan ƙasa, tana cewa ba ta ganin fuskar kowa sosai. Sista ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta ba ta ruwan randa, ta jiƙa zane tana goge mata wuya. Ita kanta Sista ta ce a ranta addu'a take, domin in ƙafafun ba su dawo ba, ta ƙare da gidan nan. Wajen awa ɗaya jaririya ta yi kuka a ɗaki. Mardiyya ta dafa turmi ta miƙe, ta taka ta ɗauko 'yarta.

Gwaggo Hadijatu ta zauna a bakin murhu, ta daɗe tana kallon hannayenta. "Ashe ni ce," ta ce. "Ni nake karya ta, muna zagin allura."

"Ba ke ba ce, Gwaggo, ruwan ne. Kuma ba za a daina wanka ba. Ki hura wutarki, maƙwabta su ga hayaƙi. Ki sa ganyenki, safe da yamma, har arba'in. Surkawa kawai za ki yi, sai gwiwar hannunki ta zauna a ciki ba ki ce wash ba."

Daga soro aka ji Alhaji Dabo ya yi gyaran murya. Ya ce wa Sagir ya je ya ƙara wa san nan dusa, kada ya rame kafin kasuwa.

Ke ce, Ikilima, mai hannu da sanyi, wadda ta san ba a kunyata tsohuwa a gaban murhunta. Ke ce kika bar mutane suka gani da idonsu maimakon ki ɗaga musu takardar makaranta. Ba ki rage wa maganin ko kwabo ba, ba shi a hannunki. Da naira ta faɗi garken ya kusa ƙarewa, sai da likita ya mayar da Mardiyya kan wani magani na ƙarin ruwa, sau biyu a shekara, mai ɗan dama-dama. Idon hagun bai dawo ba. Amma da an yanke allura a wancan makon, Allah kaɗai Ya san inda za a tsaya. Mun gode, Sista. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma 'yan baya da ke fitowa daga makarantun jinya, ku riƙa shiga gidajen mutane. Abin da ke kayar da majinyaci wani lokaci yana tsakar gida, kuma wanda ke yinsa masoyinsa ne.

Farkon zangon karatun nan aka sa Khairunnisa a firamare. Sista, kina bakin asibiti uwa da 'ya suka zo wucewa, Mardiyya da sanda, tana tafe tana hutawa, ga sauran tafiya a gaba. Kika ce ta tsaya a kira mata acaɓa. Kin dai ji amsar da ta ba ki.

"A'a Sista, bar ni. Da tsada aka sayi ƙafafun nan, bari in more su."