Ranar da Na Shiga Aji da Gindin Dawa a Ka

Na ga abubuwa da yawa a aikin koyarwa, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da na shiga aji ɗauke da gindin dawa a ka, ita kam ko tsufa ya kama ni ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki ba, aka tura ni wata firamare a ƙauye tsakanin Tsanyawa da Kunci, aka ba ni aji biyar. Yaran akwai hadda. Ka ce su kawo sassan shuka, kafin ka rufe baki sun zubo: saiwa, kara, ganye, fure. Amma ka ce su faɗi aikin saiwa da bakinsu, ba da na littafi ba, sai kowa ya kama kallon rufi. Abin yana ci mini rai, don 'ya'yan manoma ne, a cikin shuka suka buɗe ido.

Wata rana a zangon farko, dawa ta fara fitar da kai, wata yarinya mai shiru-shiru ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, kin ce kowace shuka da saiwarta take cin abinci a ƙasa. To me ya sa ƙuduji ba ya fitowa sai a gindin dawa ko gero?" Ƙuduji dai shi ne ciyawar nan mai kyan fure da ke tsumburar da hatsi. Na san amsar, amma na haɗiye ta. Na ce mu za mu gano da kanmu. Daga nan na tsara: sauran ranakun mako mu bi manhaja tiryan-tiryan, Alhamis kuma ta tambayoyinsu ce.

Alhamis ta farko na fita da su gonar da ke bayan makaranta, da fartanya ɗaya. Ashe mahaifin yarinyar nan ya wuce a kan keke ya hango ta a tsugune tsakanin kunyoyin gonar, sanye da kayan makaranta. Washegari sai ga shi a ofishin hedimasta, aka kira ni.

Dattijo ne mai natsuwa, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Malama, ni fa na sa ta boko ne don kada ta ƙare da fartanya kamar uwarta. In noma ce, ina da gona, ba sai na sai mata takalmi ba. Zan cire ta."

Gabana ya faɗi, don a ajin nan kaf ita kaɗai ta taɓa tambayata abin da ba ya cikin littafi. Bayan ya fita hedimasta ya dube ni ya ce, "Ki rufa mana asiri, Malama. Jarrabawa na tafe, manhaja na jiranki. Ba yaron da zai sake taka gona da sunan makaranta." Na ce masa darasi ko ɗaya ban bari a baya ba, kuma Alhamis ɗin nan ba zan daina ta ba. In yara ba za su je gona ba, ni zan kawo musu ita. Ya girgiza kai ya ce, "Ke dai akwai taurin kai." Ban musa ba, har yau ma haka nake.

Da yamma na bi dattijon har gida, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya zo aji ranar Alhamis ya gani da idonsa. Ya ce, "Zan zo. Amma in na tarar wasa ne, da ita zan dawo."

Tsohuwar da nake zaune a gidanta tana da 'yar gayauna, na roƙe ta gindin dawa ɗaya wanda ƙuduji ya kama. Ranar Alhamis da sassafe na haƙo shi da ƙasarsa, na sa a baho, ta ɗora mini a ka tana dariya. Ta ce, "'Yar nan, wanka za ki yi wa dawar, ko allura za ki kai ta?" Haka na ratsa gari, ganye na reto a kaina, mata na leƙowa ta saman danga.

Dattijon ya zo, ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin taga. Na fara da littafi kamar kullum, muka maimaita aikin saiwa. Sannan na ce su kewaye bahon, su riƙa zuba ruwa a hankali, kada su tsinka komai. Ƙasa ta yi ta zamewa, saiwoyi na fitowa. Ni kuwa ban sani ba ko garin haƙa na raba abin da nake so su gani.

Can sai yarinyar ta yi ihu, ita da ba a jin muryarta. "Malama, ga shi nan! A manne yake!" Ta ɗago saiwar dawa, ga gindin ƙuduji ya kumbura a jikinta kamar kaska. Ita da kanta ta juya ga taga ta ce, "Baba, littafi ya ce saiwa ce ke jawo ruwa da abinci. To shi wannan ba ya nema, na dawar yake tsotsewa. Kafin mu ga furensa mu cire, ya riga ya gama cinta."

Dattijon ya zagayo ya shigo, ya karɓi saiwar ya daɗe yana juya ta. Sai ya ce, "To me ya sa inda na zuba taki ba ya yawa?" Na ce, "Baba, wannan tambayar ta Alhamis mai zuwa ce." Ya yi murmushi, ya miƙa wa 'yarsa saiwar, ya ce, "Ki zauna ki nemo mini." Ya hau kekensa ya tafi shi kaɗai.

Mun gama manhajarmu kafin jarrabawa, yarinyar kuma ta gama firamare ta wuce gaba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, da ba ta karanta aikin saiwa ba, da ba ta gane abin da ke hannunta ba, da kuma ba ta taɓa shi ba, da karatun ya tsaya a baki. Tun daga nan, duk yawan aikin da ke gabana, in yaro ya ɗaga hannu da tambayar gaskiya, sai na nema mata rana.